Birkin Bindigar Noelene

"...lafiya lau, in ban da ganinka. Da na ji ƙugin mota na ɗauka mutum ne ya zo."

"Ni kuwa da na hango abu a baranda na zaci tsumma aka shanya aka manta. Kin tashi lafiya, tsohuwa?"

Noelene Pratley ke nan da jikanta Brodie, kuma kada ka yi mamaki, gaisuwarsu ke nan. Ranar da aka binne kakansa, yana ɗan shekara shida, ya ce ta daina kuka shi zai aure ta, tun daga nan take kiransa mai gida. Yanzu ya zama ƙato, yana aikin haƙar kwal, hutun mako guda ne ya kawo shi. Ita kuwa shekararta saba'in da biyu, ita kaɗai a gonar tumakinta yamma da Cunnamulla, sai tsohon karenta Nugget da ke tattaro mata garke da fito ɗaya.

Kafaɗa ce ke cin ranta. Tun da aka yi mata aiki a ta dama, in ta harba bindiga sai ta kwana uku ko buta ba ta iya ɗagawa. Karnukan daji kuwa ina ruwansu, 'ya'yan tumaki goma sha tara suka yaga mata a wata guda. Ɗanta Warwick, uban Brodie, ya yanke magana: ran Asabar zai zo, in ba za ta iya kare garkenta ba a sa gonar a kasuwa, ita ta koma gidan tsofaffi a Toowoomba, inda ko kyanwa ba a yarda a shiga da ita ba.

"Ina bindigata? Kwana huɗu tana wurin maƙeri a Charleville. Ko ka sayar ka sha giya?"

"Wa zai saya? Maƙerin ya tambaye ni ko a jirgin ruwan Turawa na farko ta zo ƙasar nan. Na ce a'a, mai ita ce ta zo a jirgin."

"Ja'iri. Me aka yi mata a baki?"

"Zare aka yanka mata, irin na noti. Nan za mu ɗaura birki."

Ya zaro ƙarafa biyu daga aljihu, kowanne bai fi tsawon babban yatsa ba, duk huda-huda. Iskar harbi ta nan za ta riƙa fita, in ji shi, maimakon ta turo bindigar ta shuri kafaɗa.

"Wannan hudarsa ta zagaye shi ko'ina. Wannan ta gefe biyu kawai. Zaɓi."

"Mijin da ba zai iya zaɓa wa matarsa ƙarfe ba, me ake da shi?"

"A kwance kike harbi. In kin ɗauki mai huda ta ƙasa, ƙura zai watsa miki a ido, ga shi dama rabin idon ya rage. Ɗauki na gefe."

"Da wannan rabin idon na kayar da kare a taku ɗari uku, kai kana tsula fitsari a wando."

"Labarin nan kullum takun ƙaruwa yake. Bara ɗari biyu ne."

Suka ɗora bindigar a bayan akori-kura. Ta zare harsashi, ta leƙa ciki sau biyu, ta danne ta, shi kuma ya murɗa birkin ya kama shi da sifana.

"Ya karkace."

"Ke ce kika karkace."

"Hudar dama sama take kallo, makaho. A ramin kwal ka baro idon?"

Gaskiyarta ce kuwa. Ya sassauta yana ƙunƙuni, ya daidaita har hudojin suka kwanta sambal, sannan ya miƙo mata abin toshe kunne.

"Sa wannan. Birki yana kashe shuri, amma ƙarar ninkuwa take, ta gefe take fita."

"Shekara hamsin ina harbi da kunnena a buɗe."

"Shi ya sa ba ki jin komai sai gulma. Sa, ko in gaya wa Baba."

Warwick ke nan yake nufi. Ɗan da ta goya, yau shi ake razana ta da shi! Duk da haka ta sa. Brodie ya kafa kwali a taku ɗari, ya dawo ya sa nasa. Ta kwanta rub da ciki. Nugget ya zo ya kwanta a hagunta, ɗan gaba kaɗan, kansa daidai bakin bindiga, inda yake kwanciya shekara da shekaru. Ita ta koya masa: in ta kwanta harbi, ba ya tashi sai ta taɓa shi. Abin toshe kunne na mutum biyu Brodie ya sayo, kunnuwan da ke wurin kuwa shida ne.

Ta harba. Kai! Kamar jariri ne ya dafa mata kafaɗa. Ta gyara madubin saitin bindigar ta sake, ta sake, har sau biyar. Da Nugget ya yi ƙara a harbin farko, ba wanda ya ji. Bai kuma tashi ba.

Brodie ya kawo kwalin. Hudojin harbi ukun ƙarshe murfin kwalba zai rufe su.

"Kai wa ubanka ya rataya a ɗakin da ya kama min!" Tana juya hannu sama kamar yarinya. "Toowoomba! Shi ya je ya zauna, ai ya fi ni tsufa a zuciya."

"To a gode wa mai gida mana."

"A gode wa ƙarfe. Kai me ka yi, ban da karkatawa? Tsaya ka ga aikin namijin gaske. Nugget, kawo tumakin!"

Ta sa yatsu a baki ta yi fito. Karen yana kwance, yana karkaɗa kai, yana kallon kwalin da aka cire. Ta sake yi, mai tsawo, wanda ke juyo da shi daga bayan tudu. Ko kunnensa bai motsa ba. Ta zagaya bayansa ta tafa hannu da ƙarfi. Shiru. Sai da ta dafa shi ya zabura, ya juyo yana kaɗa mata jela, yana jiran ta faɗi abin da zai yi.

Brodie ya dubi hudar birkin, ya dubi inda karen ya kwanta.

"Kaka... ni na ce ki ɗauki na gefe."

"Ni na ce kada ya tashi."

"Zai dawo. Kwana biyu, uku. A kai shi likita."

"Shekararsa goma sha ɗaya, mai gida. Ni na san abin da ke dawowa a wannan shekarun."

Ta san lissafin sarai, kuma ya yi mata ɗaci. Da bindiga za ta kori karen daji, amma tumaki dubu a fili mai faɗin yini guda, ba kare, tsohuwa ba ta tara su. Sabon kare kuwa shekara biyu ne kafin ya san fitonta, Warwick ko mako biyu ba zai ba ta ba.

"To ki yi min fiton," in ji Brodie. "Ni zan zagayo su. Dama kin sha ce min kare."

Sai ta yi dariya, dariyar da ta zo da hawaye.

"Kare ba ya komawa ramin kwal ran Litinin. Kuma kai ko fiton hagu da na dama ba ka bambancewa."

Ta ɗauki bindigar, ta zare sauran harsashin, ta goge birkin da gefen rigarta, ta ɗora masa a hannu.

"Ungo. Ka ci, mai gida. Ka gyara min kafaɗa tsaf, yanzu sai ɗaukar akwati. Ka ce wa ubanka ya zo da babbar mota. Karen kuma kai za ka riƙe, ka riƙa taɓa shi kafin ka yi magana."

Ta durƙusa ta kama kan Nugget, ta sa baki a kunnensa ta ce masa ya tashi, an gama.