Rasuwar Gimbiya a Gindin Randa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yanzu bai bushe ba, Abdulhadi Habu na Magaria yake sanar da dangi na nan da na Kano rasuwar Gimbiya, 'yar ordinatarsa, wato kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da wata tara a hannunsa.

Marigayiyar ba ta kai tafin hannu ba. Ko riga ba ta da ita, ɗan allo ne guda da wayoyi. Amma wallahi akwai zuciya! Wata bakwai Abdulhadi ya yi yana koya mata kwaikwayon ordinatocin da, har ta iya nawarsu da baƙar fuskarsu. Abokai suka yi ta masa dariya, wai ya sayi sabuwa ya mai da ita tsohuwa. Ko kallonsu bai yi ba. Mahaifinsa, marigayi Malam Habu sakatare, ya bar wa iyalinsa wasiƙa a disket, faifan ajiya irin na da, babu injin zamani da ke iya karanta ta. Da ƙyar aka kwashe ta zuwa katin ajiyar Gimbiya, disket ɗin kuma bai sake motsi ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai ƙanƙan da kai, ba ta cin kuran, wato wutar lantarki, sai ɗan kaɗan. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai "tit" guda idan ta farka. Ciwonta ɗaya ne, zafi. Da bazara ta kankama jikinta ya riƙa yi kamar tandar waina, shi ne gwanin namu ya kwantar da ita a kan yashin gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Ranar Litinin ta buɗe wasiƙar. Abdulhadi ya karanta wa mahaifiyarsa, Hajiya Daso, layin gaisuwa, sai zazzaɓi ya rufe Gimbiya, aka bari sai gobe. Kwafi kuwa, kaico, bai yi ba. Washegari Hajiya, da ba ta san Gimbiya na kwance a wurin ba, ta kwara wa yashin ruwa, kamar yadda ta saba kullum safiya shekara arba'in. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tsss". Katin ma ya bi ta.

Ta bar sharja, da tsohuwar tele da ke takaba, da linzaminta maraya, da Abdulhadi, wanda ko fura ba ta wuce masa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, cikin gwangwanin madara, a aljihun teburin da wayoyin hannu uku suka riga ta kwanciya. Masu shawarar a binne ta cikin gero ta bushe su huta, an gwada. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah don Annabi, su tsaya a zaure, kada kuma wani ya ambaci ruwa. An gaya wa Hajiya Gimbiya na Damagaram wajen gyara, tana nan tana jiran ta ji sauran abin da Malam ya ce mata.