Jawabina Kan Girkanci a Walimar Suna

Shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe laburaren unguwarmu a Moss Side na samo tsohon ƙamus na Girkancin dā. Wata biyu kacal, na zama shehi.

A walimar sunan ɗan abokina a Aston aka ce in ɗan yi magana kafin abinci. Na gyara hula, na kama fassara wata kalma mai nufin ɗauka, haihuwa da juriya. Ina ma'ana ta tara, masa ta huce.

Kakar jaririn, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Likita, a ma'ana ta nawa ake cin abinci?"

Yau yaron ya fi ni tsawo, amma ko shayi aka kawo sai ya ce, "A sha kafin Kawu ya buɗe ƙamus."