Ranar Da Na Kashe Janareta Da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Talata Mafara ba, ranar da na kunyata kaina, na haɗa da kawuna, a gaban malamai.

Lokacin ina raɓe a gidan Kawu Sani, ba aiki ba sana'a. Innata kuwa tana can Damaga, inda ake kwana da takalmi a ƙafa saboda 'yan bindiga. Burina ɗaya ne, in sami aiki in kama ɗaki in ɗauko ta. Ana nan sai wata makarantar Islamiyya ta sami kyautar kwamfutocin tebur, ana neman mai koyarwa. Kawu ya je ya tsaya mini, har da rantsuwa: "Wallahi wanga yaro namu babu abin da bai sani ba ga kwamfuta." (Gaskiyar magana, a bidiyon waya na tsinci ɗan abin da na sani na Python, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi. Ban taɓa zama gaban ta tebur ni kaɗai ba.)

Aka ce in zo da safe in shirya, bayan azahar in nuna wa kwamitin makaranta abin da na iya. Na buɗe Python, sai ga baƙin allo yana jirana. Ka rubuta layi ɗaya, ta ba ka amsa nan take. Daɗi ya kama ni. Na ce tunda malamai ne, bari in haɗa musu abin da zai lissafa rabon gado. Da yatsu biyu na yi ta fama, ina gumi, har ta fara fitar da tumunin matar mamaci daidai. Kaina ya kumbura.

Abin da ban sani ba, wannan baƙin allon hira ce kawai ta baki da baki. In ba ka zuba aikinka a fayil ka adana ba, wuta na ɗaukewa shi ke nan.

To a makarantar nan, in an kira salla kashe janareta ake yi, don kada ƙararsa ta hana jin liman. Shugaban makarantar, Malam Bello, ya leƙo ya ce, "Malam, a kashe? Ba shi ɓata maka aiki?"

Na ce, "Haba, Allah gafarta Malam, ai kwamfuta ba ta mantuwa." Don ma a ga ladabina, ni na ruga na kashe shi da hannuna.

Bayan salla dattawa suka cika ɗakin, har da Kawu. Aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya muka ji da tsaro, ni kuwa ina ta murmushin wanda aiki ya riga ya zo hannunsa. Aka tada janareta, na kunna, na buɗe, na kira aikina. Sai ta watso mini Turanci, wai ba ta san shi ba. Na sake, ta sake. Na ce, "Tunani take yi." (Kwamfutar da na rantse ba ta mantuwa!) Na fara sabon rubutu, kowane layi kuskure. Kawu kuwa sai tari yake.

Can wani tsohon malami ya ce, "Ɗana, in ba ta iyawa yau, a bar ta ta huta." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Aikin dai wani ɗan Bakura aka ba.

Kawu ya ɗauko ni a babur muka koma. A ƙofar gida ya ce, "Da ka hwaɗa min ba ka iya ba, da ban rantse ba."

Da yamma Inna ta kira. "Na ɗaure kayana, yaushe kake tahowa?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ba komi, Allah na nan." Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. A Damaga ta ƙare daminar nan, wani lokaci a daji suke kwana.

Na iya Python yanzu, bayan ta gama cin mutuncina. Ko harafi ɗaya na rubuta sai na adana kafin in ɗaga kai. Kuma duk wanda ya tambaye ni ko a kashe wuta, cewa nake ya dakata tukuna, don ni da kwamfutar duk ba abin yarda ba ne.