Rasuwar Farar Kujerar Ƙofar Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai tsami, tsohon mai kula da sito na kamfanin da aka rufe, wanda 'yan layi ke kira Manaja don tsokana, yana sanar da rasuwar farar kujerarsa ta roba, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne tare da 'yan'uwanta, lokacin da ake rububin wurin zama. Da aiki ya tsaya, uwargida ta kwashi yara da sauran kujerun zuwa gidan yayanta, wai kafin abubuwa su daidaita. Marigayiyar aka bari saboda ƙafarta ɗaya ta gaza, shi ma maigidan dai kusan dalilin barinsa ke nan.

Tun daga ranar take fita da shi ƙofar gida kowace safiya. In ya zauna sai ta ce "ƙiiiƙ", in ya miƙe ta ce "ƙat". Ba ta taɓa tambayarsa ko an kira shi aiki ba. A kanta ya gano cewa tururuwa ma na gardama in sun ɗauko fiffiken kyankyaso, kowacce na ja nata gefen. A kanta ya ga wata ciyawa ta tsago ta tsagar kwalbati, ta yi fure ruwan ɗorawa ba da izinin kowa ba. Ya san ƙadangaren da ke gyaɗa masa kai daga katanga, girmamawar da rabonsa da ita tun yana riƙe da makullan sito. Telan da ke tsallaken titi ma yakan ɗago daga keke ya tambayi Manaja ko ofis ya buɗe, shi kuwa ya amsa cewa ma'aikata sun hallara, tururuwa ce kawai ta makara.

Rana ce ta fara cin bayanta, ciwon ya gangara ƙafa. Mai ɗinkin roba ya ɗaure ta da waya, ya yi gargaɗi a rage mata nauyi. Mamallakinta ya yi iya ƙoƙarinsa, don a bana ramewa ba ta yi masa wuya ba.

Ta cika ne da hantsi, yayin da ya karkata zai leƙa ko furen ya ƙara buɗewa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Ya tashi daga ƙasa yana kakkaɓe riga, ya dubi hagu da dama don kunya, sai ya tarar ba wanda ya gani. Wannan ya fi ƙugun yi masa ciwo.

Ta rasu ta bar bulon da ke tallafe da ƙafarta, da matashin da ya lotse, da mutum ɗaya da ya rasa hujjar fitowa. Mai zama a ƙofar gida, ana cewa iska yake sha. Mai tsayuwa kuwa jiran wani yake, kuma duk layin an san ba mai zuwa.

Za a ɗauki gawar gobe da safe, in mai sayen tsofaffin robobi ya biyo da amalankensa. Za a karɓi gaisuwa a inda ta saba zama. Ana roƙon masu zuwa su taho da abin zamansu, in da hali su taho da biyu. Za su same shi a tsaye.