Yadda Uban Gwanjo Ya Sayi Madubinsa

Tun gari bai gama wayewa ba Uban Gwanjo ya buɗe shagonsa, ya kunna fitila, ya tsaya gaban babban madubin nan mai sassaƙaƙƙen katako da ke jingine da bango. Ya gyara wuyan riga. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ga bai yi kwarjini ba, ya ɗaga hannun gaba ɗaya. "Jama'a!" in ji shi. Ya yi gyaran murya, ya sake: "Ya ku jama'a!" Madubin bai yi masa musu ba. Shi ya sa suke shiri.

A ɗakin baya, yayan matarsa, wanda kowa ke kira Mai Kwali, yana durƙushe yana naɗe wata tsohuwar rediyo da tsummoki. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaure kayan shagon, a ɗakin yake kwana, kuma duk jawabin da duniya za ta ji sai ya riga ta ji sau bakwai. Bai ɗago kai ba. Ya ja salatif da haƙori.

Ai kuwa dole a saurari Uban Gwanjo. A duk 'yan wannan layi masu sayar da tsofaffin kaya a dandalin gwanjo na intanet, shi kaɗai ke da tambarin zinare kusa da sunansa. Kamfanin dandalin na liƙa shi ne ga wanda taurarinsa biyar suka cika cif, kuma ba ya tsallake mako guda bai sayar da wani abu ba. Girman tambarin a fuskar waya bai kai kan ashana ba. Amma bawan Allah ya sa an buga shi a allo mai faɗin ƙofa, da katinsa, da bayan motarsa. Matarsa ce ta hana a ɗinka shi a jikin matashin kai.

Ga kuma zumuncin da ke tsakaninsa da kamfani. Duk saƙon da ya aika musu, kafin ya ajiye waya amsa ta iso: "Abokin hulɗarmu mai daraja, mun gode da saƙonka." Guda huɗu ya buga a takarda, ya sa a firam, ya rataye. "Kun gani? Ko minti ɗaya ba sa bari in jira," yakan ce wa baƙi. Mai Kwali ya taɓa aika musu harafi ɗaya bisa kuskure, aljihunsa ne ya danna, shi ma aka kira shi mai daraja. Bai gaya wa kowa ba. Mutum ne mai son zaman lafiya.

Ana nan sai kamfani ya fito da sababbin dokoki, shafi goma sha biyu. An ƙara la'adar da ake yanka a kan kowane ciniki. An tura sababbin kayan manyan shaguna sama, tsofaffin kayan talakawa suka gangara shafi na tara na jerin kayan sayarwa, inda ko mai su sai ya yi gumi yake gano su. An ce mai saye zai iya ba mai sayarwa tauraron da ya ga dama, shi kuwa mai sayarwa ba shi da bakin mayar da martani. Masu saye ma ba su tsira ba, don kuɗin kawo kaya ya kusa kai kuɗin kayan. Uban Gwanjo ya karanta shafin farko. Manya ba sa karanta shafi na biyu.

Ya kira taro a shagonsa. Mutum kusan talatin suka cika wurin, wasu a kan kwalaye, wasu a tsaye tsakanin tsofaffin fankoki. Ya naɗa kansa shugaba, ya kuma gode wa jama'a da suka ga ya cancanta.

"Ya ku jama'a!" Hannun ya tashi daidai yadda aka koya wa madubi. "Ni ba don kaina nake magana ba. Ni Allah ya rufa mini asiri, ku dubi allo. Don ku nake kuka. Kwana bakwai za mu ƙaurace musu. Mai sayarwa ya sauke kayansa, mai saye ya naɗe hannunsa. Kuma kada wanda ya ko leƙa dandalin. Leƙawa ma cin amana ce!"

Wani tsohon hedimasta mai tara rediyoyi ya ce shi dai ya gaji da biyan kuɗin mota kamar rediyon a jirgin sama za ta zo. Aka tafa. Sai Uwar Tangaran ta miƙe, wata mata mai sayar da tsofaffin faranti da kofuna, wadda da wannan sana'a take riƙe da gida tun rasuwar mijinta.

"Ranka ya daɗe, ina da saitin faranti da mutum shida ke tayawa yanzu haka. In na sauke, an ce sai sun mayar da ni can ƙasa, in sake hawa daga farko."

"Baiwar Allah," in ji shi, ya dafa ƙirji, "babu gwagwarmaya sai da sadaukarwa. Ni da ke gabanki, kin san abin da zan rasa?"

Ba ta sani ba. Ta sauke farantanta daga dandalin a gaban kowa.

Abin da zai rasa shi ya hana shi sukuni washegari. Mako guda ba ciniki, tambarin zinare ya tafi. Ya zagaya shago sau uku, ya tsaya gaban madubi, sai hikima ta sauko masa. Ai shi ya hana kowa leƙawa. Wa zai gani? Ya ɗauki hoton madubin daga gefe, ya sa shi a gwanjo na kwana biyu.

A nan ya kamata a faɗi wata 'yar dabara ta manya. Mai Kwali yana da asusu a dandalin, a wayarsa mai tsagaggen gilashi, sunan asusun Mai Son Tsohon Kaya. Duk sanda tayi ya yi sanyi, sai Uban Gwanjo ya karɓi wayar ya ƙara taya kayansa da kansa, don mai saye na gaskiya ya ji zafi ya ƙara. In tsautsayi ya sa asusun ya ci gwanjon, sai a soke cinikin a ce mai saye ya fasa. Shi yana kiran abin "zaburar da kasuwa".

Mutum ɗaya tak ya taya madubin, wani daga can nesa da bai ji labarin yajin cinikin ba.

"Yaya, kawo wayar nan," in ji Uban Gwanjo.

"Ka karanta shafi na bakwai kuwa?" in ji Mai Kwali.

"Ni da nake yaƙar dokokin za ka koya wa dokokin? Kai dai ka san kwali."

Ya taya. Baƙon ya ƙara. Ya sake tayawa. Baƙon ya ƙara kaɗan, irin ƙarin mai shirin tashi. Mai Kwali ya ce, "Bar masa haka nan, mutumin ya gaji." Uban Gwanjo ya yi murmushin masana. "Na san irinsu. Zai dawo." Ya danna wani tayi mai tsoka, ya harɗe ƙafa yana kallon agogon gwanjo na sauka. Minti biyar. Minti ɗaya. Baƙon bai dawo ba. Mai yiwuwa yana da madubi a gida.

Wayar ta yi ƙara: "Muna taya ka murna, ka ci gwanjo!"

Ya nemi wurin sokewa, babu. Shafi na bakwai ya ce ba a soke ciniki, ana cire kuɗi nan take. Katin bankin shago ne a jikin asusun, saboda haka kuɗi ya fita daga aljihun dama ya koma na hagu, kamfani ya yanki sabuwar la'adarsa a tsakani. Shafi na takwas ya ce dole motar kamfani ta ɗauki kaya cikin kwana biyu, in ba haka ba tambari ya faɗi. Adireshin mai saye kuwa shi ne ɗakin baya, taku goma daga inda madubin yake.

"Ba za a iya gaya musu ya iso ba?" in ji Uban Gwanjo, muryar ta ragu.

"Gaya musu mana. Ai ko minti ɗaya ba sa bari ka jira."

Mai Kwali ya ɗaure madubin yadda yake ɗaure komai, kwali biyu, tsumma a kusurwoyi, igiya ta giciye. Mota ta zo ta ƙofar baya ta ɗauka. Kwana huɗu Uban Gwanjo yana gwada jawabi a gaban gilashin taga.

Ran kwana na bakwai aka yi taron nasara. Nasarar ita ce kamfani bai canza ko waƙafi ba, amma ya aiko wa shugaba amsa cikin gaggawa, an kuma sa ta a firam. Uwar Tangaran tana zaune a gaba, ta yi zuru-zuru. Uban Gwanjo ya kai daidai wurin da yake cewa, "Tarihi zai shaida cewa ko allura ba mu sayar ba," sai mota ta tsaya a ƙofar gaba. Direba ya shigo da baya yana jan wani dogon kwali.

"Salamu alaikum. Wane ne Mai Son Tsohon Kaya?" Ya duba takardar, ya dubi allon zinare, ya yi dariya. "Kai! Ba nan na ɗauki wannan ba? Shekara tara ina aikin nan, ban taɓa mayar da kaya inda na ɗauko su ba. Mai sayarwa nan, mai saye nan. Da kun ba ni kuɗin motar na tsallaka muku da shi a ka."

Hedimasta ya sa tabarau, ya karanta takardar da ƙarfi, irin karatun da ake yi wa 'yan aji, da sunan mai sayarwa, da ranar ciniki. Rana ta uku ga yaji.

A irin wannan lokaci ake gane shugaba na gari. Uban Gwanjo ya juya, ya nuna ƙofar ɗakin baya da hannun nan nasa mai kwarjini.

"Jama'a, ga maci amanar nan! Asusunsa ne, wayarsa ce. Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da shi, ɗan dako kawai, ashe yana shiga dandali a bayan idona!"

"To shi ya saya," in ji Uwar Tangaran. "Wa ya sayar?"

Mai Kwali ya fito yana goge hannu a wando. Ya karɓi biro ya sa hannu. Ya yanke igiya, ya duba kusurwoyi huɗu, ko ƙwarzane babu. Ya gyaɗa kai, don aikinsa ne. Sannan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Kamfani ne ke tambaya tauraro nawa zai ba mai sayarwa.

"Yaya," in ji Uban Gwanjo a hankali. "Yaya, ai mu 'yan gida ɗaya ne. Ka tuna ƙanwarka."

"Ɗazu ai ɗan dako ne ni," in ji Mai Kwali.

Ya danna tauraro ɗaya. Ya rubuta da babban yatsa, a hankali, yana faɗa yana rubutawa: "Kaya sun iso lafiya, wanda ya ɗaure ya iya aiki. Mai sayarwa ba ya cika magana."

"Zan mayar da martani! Zan bayyana wa duniya gaskiya!"

"Shafi na ɗaya," in ji hedimasta. "Wannan kam ka karanta."

Mutane suka watse ba sallama. Uwar Tangaran ce ta ƙarshe. Ta tsaya gaban madubin, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa Mai Kwali in yana neman aiki tana da faranti masu bukatar hannu irin nasa. Ya ce gobe da safe.

Kafin la'asar tambarin zinare ya ɓace daga fuskar waya. Saƙo ya biyo baya, mai layi shida, yana bayanin dalili.

Da Mai Kwali ya zo kwashe tabarmarsa da almakashinsa washegari, ya tarar da Uban Gwanjo a kan kujera, da guduma a hannu da ƙusa a baki. Ya buga saƙon a takarda, ya ninke layi biyar na ƙasa zuwa baya, ya sa a firam. Layin da ya rage yana cewa: "Abokin hulɗarmu mai daraja." Ya kafa ƙusar, ya rataye, ya sauko, ya ja da baya taku biyu yana duba ko ya miƙe. Sai ya juya ga madubinsa, wanda yanzu ya zama nasa har da rasit, ya gyara wuyan riga.