Farfesa Gokhale da Birin da Ya Zaɓa

Idan ana maganar ido, a bar wa Farfesa Madhukar Gokhale. Shi ne shugaban wata cibiyar bincike a bayan garin Pune na ƙasar Indiya, inda ake gwada allurar rigakafin ƙanjamau a jikin 'ya'yan birai, da fatan wata rana a kare jarirai. Rabonsa da riƙe sirinji tun gashinsa na baƙi, amma ma'aikata Na'ura suke ce masa, don ya ce kallonsa ɗaya ya fi gwajin jini.

Ƙa'idar aikin ita ce a yi wa rabin biran allurar gaske, rabi ruwan gishiri, kuma ba mai sanin wanne ne wanne sai an gama. A ganin Farfesa, don masu ƙaramin sani aka yi wannan ƙa'ida. Ga shi wa'adinsa ya kusa cika, yana so kwamitin cibiyar ya ƙara masa shekaru, dole ya nuna bajinta.

Ya zaga kejuna, hannu a baya, ya ja birki gaban wani ɗan biri mai kunnuwa fato-fato.

"Wannan ta gasken aka yi masa. Dubi idonsa, 'yata. Labarin zuciya a tambayi fuska."

Dakta Mrinal, mai kula da gwajin, ta ce ita ba ta sani ba, bai ma kamata ta sani ba. Ya yi mata murmushin tausayi.

Nan take ya raɗa wa birin suna Ƙaramin Madhukar. Kullum sai ya zaro laddu, wata alewar Indiya, daga aljihu ya miƙa masa a ɓoye, wai lada. Biri ya yi ɓulɓul, da ya hango shi sai tsalle. Farfesa ya jawo 'yan kwamiti har gaban kejin.

"Kun gani? Lafiya ba ta ɓuya. Kuma dabba ta san wanda ya cece ta."

Ranar da aka bayyana sakamako, allurar ta ba da alamar nasara. Ƙaramin Madhukar kuwa ruwan gishiri aka yi masa, zaƙi kuma ya ɓata jininsa har aka cire shi daga lissafi. Kwamiti ya yafa wa Farfesa mayafi, ya damƙa masa kwakwa bisa al'adarsu ta bankwana, aka tafa, aka sallame shi.

Abin ya yi masa ciwo. Ya rarrashi kansa da cewa ko ba komai akwai mai kewarsa, ya biya ta kejin su yi sallama. Can ya tarar da sabon shugaba tsaye, hannu a aljihu, Ƙaramin Madhukar yana ta yi masa tsalle.