Ƙugiyar Injiniya Barau

"Ni da intanet mota guda munka shigo Gummi," in ji Barau, "sai dai ni nir riga shi sauka."

Haka yake faɗa kullum a shagonsa na cajin waya da ke bakin tasha, yana kaɗa ƙafa a kan benci. Aboki, in ka ga allon shagon sai ka rantse kamfani ne: Injiniya Barau Dijital. Alhali iyakar injiniyancin gogan naka shi ne tura wa direbobi waƙoƙi da hure ramin caji da baki.

Ana nan sai matasan Anka da Gummi da Bukkuyum suka haɗu suka kafa shafin intanet na al'umma, suka raɗa masa Zauren Yamma. A ciki ake sa ranakun kasuwa, da gargaɗin kada a niƙa dutsen zinari a cikin gida saboda gubar dalma, da cigiyar dabbobi. Cigiyar farko ma ta wani makiyayi ce, Manu na Bukkuyum, wanda saniyarsa ta ɓata.

Jagorar aikin Nusaiba ce, wata malamar kwamfuta 'yar Anka. Ta yi wa kowa bayani cewa abin aikin gayya ne. Kayan ginin shafin a buɗe suke kamar bishiyar dandali: kowa na iya buɗe nasa reshen ya yi gyara, ya turo a duba, in ya yi kyau a haɗa shi da gindi. Makullin gindin kuwa yana hannunta da na Abdussalam na Gummi. Ranar bikin buɗewa za a ba mutum na uku, wanda ya fi kowa gudummawa.

Makullin nan ya hana Barau sakat. Ya gaya wa Innarsa nasa ne, ya gaya wa direbobi, har ya kai wa tela shadda. Da Abdussalam ya ce ya zo ya koya masa buɗe reshe, sai ya dube shi sheƙeƙe.

"Reshe? Ni tsuntsu na? Mu manya gindi muka zama."

Wata ranar kasuwa, Abdussalam ya kawo kwamfutarsa caji, a buɗe, da makulli a ciki, ya wuce masallaci. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Barau ya gyara zama, ya yi bismillah. Da farko ya liƙa wani layi a ƙarshen kowace sanarwa: "A zo shagon Injiniya Barau, bakin tasha, Gummi." A ganinsa ai duk gini sai da sunan magini.

Daga nan ya lura wasu masu lalaci sun rubuta "bata" inda ake nufin "ɓata", sun bar harafi ba ƙugiya. Abin ya ba shi haushi ƙwarai. Cikin latse-latse ya ci karo da wani akwati da ke canza harafi a duk shafin lokaci guda. Ya ce wa kowane b ya koma ɓ. Kafin ƙiftawar ido aka gama. Barau ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi.

Sai kuma ya ga "ne" ta cika ko'ina.

"Kananci!" ya ce wa wani direba da ke jiran waya. "Mu nan 'shi na' muka cewa, ba 'shi ne' ba. Yau za ni maishe ma Zamfara bakinta."

Ya ce wa kowace "ne" ta koma "na". Bai tsaya karantawa ba, don karatu aikin ɗalibai ne. Ya tura kai tsaye zuwa gindi, ya watsa adireshin a duk zaurukan WhatsApp na garuruwan uku, ya ce a zo a ga aikin manya.

Aka kuwa zo aka gani. A saman shafi an rubuta "Ɓarka da zuwa". Wata baiwar Allah da ta tsinci zane a kasuwa ta koma ta tsinci zana. Amma duk wannan wasa ne. Cigiyar Manu ga yadda ta koma: "Ana naman saniyar Manu na Ɓukkuyum. A zo shagon Injiniya Ɓarau, ɓakin tasha, Gummi."

Wadda ta fara isowa Goggo ce mai tuwon tasha, da kwano a hannu. Ta ce in naman bai ƙare ba a sa mata hanta da ɗan tumbi. Barau yana cikin tambayarta wace hanta, sai ga Manu, wanda dama ya shigo kasuwa neman dabbarsa aka karanta masa sanarwar. Yana tafe da sanda a kafaɗa, 'yan'uwansa a bayansa, rabin kasuwa a bayansu.

"Kai na Ɓarau?"

"Barau! Barau, babu ƙugiya!"

"Ni ban san ƙugiya ba. Ina naggena? Ko hwata ta ka gwada min."

Injiniya ya shiga bayani cewa "ne" ce ta koma "na", nema ne ba nama ba, laifin Kanawa ne.

"Gaskiya na," in ji Manu. "Ni nema nika yi, kai kuma nama."

Wanda ya ƙi hawa reshe, ga reshe ya juye da mujiya. Allah ya so Abdussalam ya dawo daga salla ya iske Barau a ƙarƙashin teburin caji, waya ta naɗe masa wuya. Ya ba Manu haƙuri, ya rantse masa babu wanda ya yanka komai, ya kira Nusaiba. Daga Anka ta mayar da shafin yadda yake da safe, don irin wannan aiki ba ya mantuwa da tsohon kamanninsa. Abu ɗaya ta bari da gangan: a jerin mambobi, sunan gogan yana nan da ƙugiyarsa. Ta ce wannan shi zai gyara da hannunsa, ta reshe, ya turo a duba kamar kowa.

Ya yi fushi, ya yi rantsuwa ba zai yi ba. Amma da yaran mota suka fara gaishe shi da "Ɓarau, ina gajiya", sai ya sulale wurin Abdussalam ya koyi hawa reshe. Saniya kuwa an same ta ta bi wani garke zuwa Anka, ko ƙwarzane babu.

Ranar biki Barau ya zo cikin sabuwar shadda ya zauna layin gaba, don har yanzu yana da ɗan sa rai. Makulli ya tafi hannun Basira ta Bukkuyum, wadda ta mayar da gargaɗin dalma cikin Fulatanci. Nusaiba ta ce a aikin gayya ba a raina ko ƙwaya, don haka ta shiga ambaton kowa da abin da ya yi. Da ta zo kansa sai ta gyara murya.

"Sai Injiniya Barau na Gummi, wanda yac cire ƙugiya guda daga sunanshi."

Aka tafa. Barau ya miƙe yana ɗaga hannu, ya ce a ransa ko ba komai an ce Injiniya. Sai muryar Manu ta taso daga baya, a natse:

"Malama, ita ma ƙugiyar a bincika inda yak kai ta."